Hannun waifa ya kafe a kan shaf: na kwance noti amma ya ƙi fita

Abubakar S.

Assalamu alaikum. Masana mota, ina neman shawararku.

Ina so in ɗaga baƙar robar nan da ke gindin gilashin gaba, saboda ganye da ƙasa sun toshe hanyar ruwa, kuma ba ta ɗaguwa sai an cire hannuwan waifa duka biyun. Na ɓangaren fasinja ya fita ba gardama. Na ɓangaren direba kuwa, na ɓalle hular robar, na kwance notin da soket lamba 14, amma hannun ko gezau. Na fesa WD-40, na jijjiga, na ja, yana nan daram. Ina kuma ganin wani farin gari-gari a kewayen shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da hannun ke zaune a kanta. Motar ta kai shekara 15, da alama ba a taɓa cire shi ba.

Wani ya ce in zura manyan sukudireba biyu a ƙarƙashi in banƙara, wani ya ce in daki kan shaf ɗin da guduma. Duka biyun hankalina bai kwanta da su ba, don wurin bai fi faɗin yatsu uku daga gilashi ba. Ba ni da fula, wato na'urar zaro abin da ya kafe a kan shaf. Akwai yadda zan yi a gida ba tare da na yi ɓarna ba?

Malam Garba

Wa alaikumus salam, Malam Abubakar. Ajiye gudumar da sukudireban tukuna, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Ba notin ne ke riƙe hannun ba, shi ya sa ka cire shi ba abin da ya motsa. Kan shaf ɗin tsukakke ne daga sama, yana ƙara kauri zuwa ƙasa, kuma yana da ƙananan haƙora a tsaitsaye kewaye da shi. Ramin hannun shi ma haka aka yi shi, sai dai shi alminiyam ne ko wani ƙarfe mai taushi irinsa. In aka ɗaure noti, yana danna hannun ƙasa, haƙoran shaf su nutse cikin alminiyam ɗin. Kamar kofuna biyu ne da aka cusa ɗaya cikin ɗaya aka danne: suna kama juna ƙam, amma da zarar na saman ya ɗago ko da milimita ɗaya, shi ke nan ya saki gaba ɗaya. Wannan milimita ɗayar kawai kake nema.

Abu na biyu da mutane ke mantawa shi ne sifirin da ke cikin hannun. Shi ke danna robar waifa a kan gilashi, kuma ƙarfin nan nasa yana karkata gindin hannun a kan shaf. Muddin hannun yana kwance a kan gilashi, ramin a karkace yake, ya ciji shaf ta gefe ɗaya. Ko hannun da bai yi tsatsa ba yakan ƙi fita a haka.

Kafin ka taɓa komai: ka tabbatar waifar ta koma mazauninta, ka kashe makunninta, musamman idan irin mai tashi da kanta ce in ta ji ruwa, sannan ka zare makulli. Injin waifa yana da ƙarfin da zai matse yatsa. Ka manna salatif na takarda a kan gilashi daidai inda robar ta kwanta, shi zai nuna maka inda za ka mayar da hannun. Ka shimfiɗa tawul mai kauri ko kwali ninki biyu a kan gilashin. Idan ka riga ka cire robar waifar, wannan ya zama dole, don hannun da ba roba in ya kuɓuce ya faɗo da ƙarfin sifirin, tsaga gilashi yake yi nan take.

Yanzu mayar da notin. Ka murɗa shi har samansa ya zo daidai da kan shaf, ya bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da hannun. Yana kare zaren shaf daga lalacewa, kuma ranar da hannun ya saki ba zai yi tsalle ya same ka a fuska ko ya daki bakin bonet ba.

Ka goge farin garin da burushin ƙarfe, ka fesa man kwance tsatsa ta sama da ta ƙasan hannun. WD-40 na yau da kullum ba laifi, amma wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na kwance tsatsa ne ya fi ratsawa. Ka ba shi aƙalla minti 30. In ba sauri kake ba ka bar shi ya kwana.

Sai ka ɗaga hannun daga gaɓarsa ya miƙe tsaye, yadda ake yi in za a canza roba. Ka lura da bonet: a motoci da yawa sai an buɗe shi ake kaiwa ga notin, amma in a buɗe yake hannun ba ya miƙewa, yana gogar bakinsa ya kankare fenti. In taka haka take, ka saka man da bonet a buɗe, ka rufe, sannan ka ɗaga hannun. Ka kama gajeren gindin nan, tsakanin gaɓa da shaf, ka riƙa girgiza shi sama da ƙasa, wato zuwa wajen gilashi da baya, kana ɗan jan sa sama. Kada ka girgiza shi hagu da dama yadda waifa ke shara. Wannan yana cinye haƙoran da ke cikin ramin, kuma ƙarfin yana tafiya kan sandunan da ke haɗa shaf da injin. In kuwa hannun ba ya miƙewa sam saboda ƙirar motar, ka sa tafin hannunka a kan gaɓar ka danna ta ƙasa da ƙarfi, ɗaya hannun yana jan gindin sama. Dannawar tana daidaita ramin, ta kashe cizon da sifirin ya jawo.

Da yawa a nan suke fita. Amma hannun da ya shekara 15 ga kuma farin gari, ina kyautata zaton sai da fula. Akwai ƙaramar fula da aka yi don hannun waifa, ita ce kuma ake cire kan batir da ita. Ƙaramar fula mai ƙafa biyu ita ma tana yi. Amfaninta shi ne ƙarfin gaba ɗaya yana tsakanin hannun da shaf: ƙafafun suna jan hannun sama, kusar tsakiya tana danna shaf ƙasa, ba abin da ya shafi gilashi ko jikin mota. Sukudireba kuwa dole ta jingina da wani abu, kuma a wurin nan ba abin jingina sai roba da bakin gilashi.

Ƙafafun su kama ƙarƙashin gindin hannun kansa. Ka leƙa ka tabbatar ba su haɗa da robar da ke kewaye da shaf ba. Kusar ta zauna a tsakiyar shaf, a miƙe. Idan bakinta mai tsini ne, ka ɗora ɗan guntun ƙarfe mai faɗi a kan notin, don tsinin yana buɗa kan shaf har noti ya ƙi wucewa daga baya. Ka riƙa murɗawa rubu'in zagaye, ka tsaya, ka ƙara. In ta yi tauri sosai ka daina murɗawa, ka ɗan ƙwanƙwasa kan kusar fular da ƙaramar guduma sau biyu ko uku, ka sake fesa mai, ka ba ta minti 10 a ɗaure. Wani lokaci kana tsaye za ka ji ɗas, ya saki da kansa. Fula mai araha ƙafafunta kan buɗe su zame. In ka ga haka ka ɗaure su da kilif ɗin tiyo ko ka matse su da filaya mai kulle kanta.

Injiniya Rabi

Malam Garba ya kawo kusan komai. Zan ƙara bayani a kan farin garin nan, don shi ne dalilin da ya sa mai kaɗai ba zai wadatar ba.

Jan tsatsa ta baƙin ƙarfe ce. Wannan fari kuwa alminiyam ne ya ci. Duk inda alminiyam ya manne da baƙin ƙarfe, ruwa kuma yana shiga tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke lalacewa, kuma ya fi sauri in ruwan yana da gishiri ko datti. Gindin gilashi kuwa nan ne ruwan sama da ruwan wanki ke taruwa, balle a motar da hanyar ruwanta ta toshe. Garin da ke fitowa ya fi alminiyam ɗin da ya ci ɗaukar wuri, sai ya cika duk wata 'yar kafa da ke tsakanin haƙoran, ya daskare. Mai ba ya narkar da shi, kuma da ƙyar yake samun hanyar ratsa shi. Abin da ke fasa shi girgiza ce da zafi.

Zafi yana aiki ne saboda alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A kowane digiri ɗaya, alminiyam yana ƙaruwa da kusan kashi 23 cikin miliyan, baƙin ƙarfe kusan kashi 12. A rami mai faɗin milimita 10, in aka ƙara zafin digiri 80, bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Ƙanƙani ne ƙwarai, amma in fula tana ɗaure tana ja, ya isa ya tsaga garin da ya daskare. Shi ya sa tsarin yake da muhimmanci: a ɗaura fula tukuna, a matse, sannan a kawo zafi. In aka gasa da farko aka tsaya neman fula, kafin a ɗaura ta shaf ɗin ma ya ɗau zafi, an yi asarar bambancin.

A gida, hanya mafi sauƙi ita ce tafasasshen ruwa. Amma, Malam Abubakar, kada ka kwarara shi kai tsaye ya fallatsa a gilashi. Gilashi mai sanyi in ruwan zafi ya same shi a wuri ɗaya yana iya tsagewa, musamman idan da ma akwai ɗan tabon dutse a kusa. Ka naɗe gindin hannun da tsumma, ka kare gilashin da busasshen tawul, ka riƙa zuba ruwan a hankali a kan tsumman daga bakin buta. Idan kana da na'urar hura iska mai zafi, ka sa ta a mataki na ƙasa, ka nufi gefen gindin hannun, ka kare robar da gilashin da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan falle na kwano. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Na'urar busar da gashi ma tana ɗan taimakawa, sai dai zafinta kaɗan ne. Ka goge man da ya zuba kafin ka fara, don yana kama wuta.

Wutar gas kuwa a bar ta. Ƙasa da hannun kaɗan akwai robar da ke hana ruwa shiga gidan shaf, akwai bushin, akwai giris, kuma a wasu motocin gidan shaf ɗin kansa roba ne. Ga kuma gam ɗin da ke riƙe gilashi. Hannun zai fita, amma bayan 'yan watanni waifa za ta fara kaɗawa tana ƙara.

Abu biyu da ake yawan ba da shawara waɗanda ban yarda da su a nan ba: man birki da kuma haɗin man giya da asiton. A ƙarƙashin mota suna da wurinsu. A nan kuwa kana aiki ne a kan fenti da roba. Man birki yana ɗaye fenti, asiton kuma yana dusar da shi, yana cin roba.

Abubakar S.

Na gode ƙwarai, Malam Garba da Injiniya. Allah ya ƙara basira. Na samo aron ƙaramar fula mai ƙafa biyu, amma ƙafafun sun yi kauri, ba sa shiga tsakanin gindin hannun da robar. Tazarar ba ta fi kaurin sifana ba. Sannan tunda ana maganar, waifar baya ita ma haka ake yi mata?

Usman mai gilashi

Malam Abubakar, amsar tana cikin maganarka: tunda sifana tana shiga, yi amfani da ita. Nemi sifana mai buɗaɗɗen baki wadda bakinta ya ɗan fi kaurin shaf amma bai kai faɗin gindin hannun ba. Ka zura ta a ƙarƙashin hannun ta rungumi shaf. Yanzu kana da ƙarfe mai faɗi da ya leƙo ta gefe biyu, sai ƙafafun fula su kama sifanar maimakon hannun. Ka sa wani ya riƙe wutsiyar sifanar don kada ta juya ta taɓa gilashi. In fular taka ce, za ka iya rage kaurin bakin ƙafafun da zarto ko giranda, amma kada a rage har su yi laushi su lanƙwashe. Ta aro ce ka ce, don haka ka tsaya kan sifanar. Fular da aka yi musamman don waifa ƙafarta siririya ce, wannan matsalar ce ta sa aka yi ta haka.

Wata dabarar: ka duba ko baƙar robar guda biyu ce. A motoci da yawa ta rabu gida biyu, ko kuma in ka cire kilif-kilif ɗinta da robar bakin bonet, tana ɗan yin ƙasa ko gefe, ta ba ka ƙarin milimita kaɗan.

Game da guduma, ina ɗan saɓa wa Malam Garba, da neman afuwa. Tana da amfani ko ba fula, in an san abin da ake yi. Mutum biyu ake so. Ɗaya ya miƙar da hannun, ya kama gindinsa da hannu biyu yana jan sa sama da ƙarfi ba sassauci. Ɗayan ya ɗora guntun tagulla ko alminiyam a kan notin da aka mayar daidai kan shaf, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, bugu gajere mai kaifi, daga wuyan hannu kawai. Jan da ake yi sama yana ɗage shaf ɗin ɗan wasan da yake da shi, bugun kuma ya tura shi ƙasa ya bar hannun a sama. Sau biyar ko shida, in bai saki ba a haƙura.

Haɗarin yana wajen wanda ya buga ba mai ja. Shaf ɗin daga ƙasa aka zura shi cikin gidansa, kuma abin da ke hana shi faɗawa ciki ɗan siririn kilif ne da washa ɗaya ko biyu a sama. Duk bugun da ka yi a kansu yake sauka. Kilif ya fita daga raminsa, shaf ya nutse, ko gidan ya tsage. Daga nan aikin ya tashi daga cire hannu ya koma sauya dukan sandunan waifa. Buga kan shaf tsirara ba noti kuwa, kan zai baje, zaren ya mutu. In hakan ta riga ta faru ga wani, a goge bajajjen bakin da zarto a hankali, a bi zaren da dayis, wato abin yanka zaren kusa. Yawancin na gaba zarensu M8 ne, wato kaurin milimita 8, mai tazarar milimita 1.25, amma a gwada da notin kafin a sa dayis.

Sukudireba kuwa ba na goyon baya ko kaɗan. Gilashin gaba ya fi rauni a bakinsa, kuma bakinsa na ƙasa yana ɓoye a ƙarƙashin wannan robar, kusa da shaf fiye da yadda ido ke gani. Mutum yana tsammanin a kan roba ya jingina, ashe bakin gilashi ne a ƙasa. Ba lallai ya fashe a take ba. Ɗan tsagi ne zai fara daga ƙasa, kwana biyu ka ga ya hau har gaban direba.

Idan duk an yi, fula da zafi da mai, ya ƙi, sai a sadaukar da hannun. Shi ne mafi sauƙin sauyawa a cikin abubuwan da ke wurin. A fara samo sabo tukuna, a tabbatar na ɓangaren direba ne, don na hagu da na dama ba tsayinsu ɗaya ba, lanƙwasarsu ma daban. Sai a yanka gindin tsohon daga gefe, a tsaye, bi da tsayin shaf, da ƙaramin faifan yanka ko da ruwan zarton ƙarfe a hannu. Kada a kai ga shaf, a tsaya saura kamar milimita ɗaya. A sa bakin sukudireba mai faɗi ko ƙaramin cizal a cikin yankan a murɗa, sauran zai tsage, ramin ya buɗe. Alminiyam ne, ba ya ɗaukar lokaci. Amma a rufe gilashi da fenti gaba ɗaya da jiƙaƙƙen bargo ko kwali, domin in faifan ya taɓa baƙin ƙarfe, tartsatsin yana nutsewa cikin gilashi ya bar ɗigo-ɗigon da ba sa gogewa, robar waifa kuma ta riƙa cin karo da su. A sa tabarau na kariya.

Malam Garba

Usman, na yarda da maganar gudumar yadda ka tsara ta, da mai ja da guntun tagulla. Abin da nake gudu shi ne a ce wa mutum "buga" kawai, ya ɗauko babba.

Malam Abubakar, in ya fita, mayarwar ma tana da ƙa'ida, kuma a nan ake yawan samun waifar da ke dukan ginshiƙin gilashi ko take kwanciya a kan roba.

Tun hannuwan suna cire, ka kunna waifa ta yi zagaye ɗaya ko biyu, ka kashe ta da makunninta, ka jira injin ya tsaya da kansa, sannan ka zare makulli. Girgizar da aka yi tana iya ɗan gusar da shaf, wannan zai mayar da shi mazauninsa na gaskiya. Kana kallon shaf biyun suna juyawa, ka saurara. In ɗaya yana tafiya da ƙyar, ko injin yana nishi ba kaya a kansa, to shaf ya fara kafewa a cikin gidansa. Wannan ciwo ne daban da wanda ka zo da shi, shi ke sa waifa ta yi nauyi, fis ya riƙa ƙonewa, a ƙarshe injin ya mutu. Tunda ka riga ka ɗaga robar, lokacin gyaransa ke nan: a cire kilif, a zare shaf, a goge, a sa giris.

Ka goge haƙoran shaf da burushin ƙarfe, ka bi ramukan da bakin allura ko tsinin wuƙa ka fitar da alminiyam ɗin da ya maƙale. Ka leƙa ramin hannun. In haƙoran ciki suna nan a fili, mayar da shi. In sun shafe ramin ya yi sumul yana ƙyalli, ko ka ga tsagi a gefe, sauya hannun, don zai riƙa zamewa, shaf yana juyawa hannun yana tsaye, kuma ranar ruwa mai ƙarfi yake yin haka. Sabon hannu wani lokaci za ka ga raminsa ba haƙora sam. Ba aibi ba ne, shaf ne zai yanka nasa in an ɗaure.

Ka sa robar waifar, ka kwantar da ita daidai salatif ɗin da ka manna. Wasu gilasan suna da ɗan ɗigo ko layi a baƙin fentin ƙasa da ke nuna wurin. Ka danna gindin ya zauna, ka ɗaura notin da hannu, sannan ka riƙe hannun waifar da hannu ɗaya kana ɗaurewa da ɗayan, in ba haka ba zai bi notin ya gusa. Notin gaba mai lamba 13 ko 14 yawanci tsakanin 20 da 25 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri) ake ɗaure shi, amma littafin motar shi ne hujja. Ka jiƙa gilashi, ka gwada a ƙaramin gudu, sannan a babba, don a babban gudu hannun yana ɗan zarce inda yake kaiwa. Ni ina shafa ɗan giris kaɗan a kan haƙoran kafin in mayar, yadda wani karon ba za a sha wannan wahalar ba.

Injiniya Rabi

Giris ɗin ina tare da kai, Malam, amma da sharaɗi biyu. Ya zama shafe ne kawai da bakin yatsa, a goge abin da ya yi yawa, don haɗin nan da cizo yake riƙewa. Kuma kada ya taɓa zaren noti. Zare mai maiƙo yana sa a ɗaure fiye da kima ba a sani ba, ma'aunin yana nuna 22 amma matsin ya wuce haka, ramin alminiyam ya buɗe ko ya tsage. Sannan giris mai garin jan ƙarfe, wanda ake shafa wa kusoshin salansa, ba shi ne ya dace da alminiyam a wurin da ruwa ke zama ba. Giris na yau da kullum mai jure ruwa ya fi, ko mai garin alminiyam. A mayar da hular robar kuma, in ta tsage a sauya, ita ke hana ruwa zama a kan notin.

Malam Abubakar, waifar baya da ka tambaya, hanyar ɗaya ce, sai dai komai nata ƙarami ne kuma ya fi saurin lalacewa. Notin yawanci lamba 10 ne ko 13, kuma mai lamba 10 ba ya ɗaukar ko rabin ɗaurin na gaba. A motoci da yawa shaf ɗin ta cikin gilashin baya ya ratso, gilashin baya kuwa ba mai falle biyu ba ne irin na gaba, in ya sami matsi a bakin ramin rugujewa yake yi gaba ɗaya ya zama tsakuwa. Don haka a nan ba banƙara, ba guduma ko da mai ja, ba tafasasshen ruwa. Mai da fula kawai, in ya ƙi a yanka.

Kafin ka ɗaura fula ka duba kan shaf ɗin. A wasu motocin Turai, irin su Volkswagen Golf da wasu Audi, shaf ɗin baya rami ne da shi, siririn bututun ruwan wanki ya bi ta cikinsa ya fito a sama. In kusar fula ta sauka a kansa za ta murƙushe shi, daga nan ruwan wanki ya riƙa zuba cikin injin waifar da cikin ƙofar but. Ka zare kan feshin tukuna, ka kifa ƙaramin soket a kan notin da ka mayar yadda bututun zai shige cikin ramin soket ɗin, kusar fula kuma ta danna bayan soket.

Ga masu tsofaffin motoci da za su karanta wannan: in kun ɗaga hula ba ku ga noti ba, kada ku sa fula. Wasu tsofaffin motocin, musamman na Amurka, ɗan harshen ƙarfe ne a gindin hannun ke kulle shi. Ana miƙar da hannun, a ja harshen gefe da bakin sukudireba, sannan a zare hannun sama. Wasu kuma ƙaramar kusa ce a gefen gindin, sai an sassauta ta.